Rigar Sanyin da Yaya Ya Tsinto

Yayana ya rasu. Tsohon karen gidansa, Duna, shi ma babu shi. Matar Yaya tana nan da ranta, amma yatsun ƙafarta ta hagu sun mutu a jikinta, ko allura ka soka mata ba ta ji. Ni ce autar gidanmu, ban yi karatu mai nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ta faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Kuma gara in faɗa tun daga farko: Yaya bai iya zama da mace ba. Amma yayana ne, a bayansa na girma.

Bakanike ne. Duk tarkacen gareji gida yake kwasowa ya zubar inda ya ga dama. Wata rana ya bar wani ƙarfen inji a bakin ƙofar kicin, matarsa ta fito da tukunya a hannu, ta yi tuntuɓe, ƙafarta ta karye a idon sawu. A asibiti aka naɗe ƙafar da siminti har gwiwa, yatsu kaɗai a waje, aka ce kada ta kuskura ta taka.

Mutanen layi Mai Saƙa suke kiranta, domin ita ke saƙa hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi. Shi kuwa daga ranar da ta dawo daga asibiti sai ya raɗa mata sabon suna.

"Gurguwa, ina abinci?"

A kicin ta tare. Kujera 'yar tsugunne a gaban murhu, ƙafar a miƙe bisa kifaffen bokiti, kwandon ulu a dama, tiren albasa a hagu. Tana tsince wake, tana saƙa, tana juya miya, duk daga zaune. Abokan hirarta karnuka biyu ne. Duna baƙi ne, ya tsufa har gemunsa ya yi fari, ba ya haushin banza. Ƙyalle kuwa ƙaramar karya ce mai rawar kai, wadda ta tsinta tun tana jaririya cikin buhun tsummoki. Kowannensu ta saƙa masa jan abin wuya. In kwarashinta na saƙa ya faɗi, Ƙyalle ce ke ɗauko mata, jiƙe da miyau. In ta miƙe za ta banɗaki da sanda, Duna ne ke jingina mata jikinsa har ta kai.

"Kai kaɗai ne namiji a gidan nan," takan ce masa a hankali, tana jefa masa ƙashi. "Kada ka faɗa wa kowa."

Ranar da abin ya fara, gari ya wuni da yayyafi da sanyi. Gab da magariba Yaya ya dawo daga gyaran wata mota da ta mutu a bayan gari, a wata hanya da ba a cika bi ba. Kullum in ya shigo karnukan sukan tare shi a ƙofa, ko da zai ture su da ƙafa. Ranar ba su tare shi ba. Ƙyalle ta shige ƙarƙashin tebur. Duna ya miƙe tsaye, gashin bayansa ya tashi.

Yaya ya jefa mata wani abu a cinya.

"Ga aiki. Tunda ci kawai kika iya yanzu, warware wannan ki saƙa mini daidai jikina."

Rigar sanyi ce, launin toka. Mai Saƙa ta ɗaga ta. Jikin rigar siriri ne kamar na yaro, amma hannuwanta sun zuba har ƙasa sun yi saura. Ta juya ta ciki da waje tana neman ɗinki, babu. Ta nemi ƙulli, inda mai saƙa ke haɗa zare da zare, babu ko ɗaya. An shigo da ita daga cikin ruwa, amma a bushe take, da ɗumi, kamar yanzu wani ya tuɓe ta. Tana warin tokar da aka yayyafa wa ruwa.

"Maigida, a ina ka samo ta?"

"A rataye a reshen bishiya, bakin gada. Ba kowa a wurin."

"Rigar da ba ta jiƙe ba a cikin wannan ruwan, tana da mai ita. Don Allah ka mayar."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Ashe karayar har kai ta taɓa. To ji nan. Jibi ne komawarki asibiti, ko? In ban ga an fara rigata ba, sai ki hau Duna ya kai ki."

Ba ta da wanda zai ɗauke ta sai shi. Washegari ta zauna ta nemi bakin zaren. Ba ta sha wahala ba, shi ya faɗo mata a hannu. Ta ja, rigar ta riƙa warwarewa da kanta, layi bayan layi, da wata 'yar ƙara kamar ana jan numfashi ta tsakanin haƙora.

Zaren da aka warware daga tsohuwar riga yakan fito a cukurkuɗe, kamar gashin da aka tsefe wa kitso. Masu saƙa sun san maganinsa: a tafasa ruwa, a riƙe zaren a kan tururi har ya miƙe. Ta sauke shinkafa, ta ɗora ruwa. Da ya tafasa ta miƙa zaren bisa bakin tukunya.

Zaren ya motsa a hannunta. Ba miƙewar ulu ba. Ya naɗe mata yatsa, ya matse, sannan ya saki.

Can nesa, wajen da rana ke faɗuwa, wani abu ya yi ƙara sau ɗaya. Doguwa, siririya.

Duna ya amsa da kuka.

Ta ce wa kanta zafin tururi ne, kuma ƙarar ta birkin babbar mota ce. Ta ɗauki kwarashi.

Aikin bai ɗauke ta kwanaki da yawa ba, zaren kamar shi ke saƙa kansa. Da ta kai ƙarshe ta ɗauko almakashi don ta yanke, almakashin ya ƙi ci. Ta wasa shi a bakin kwalba, ya ƙi. Sai ta sa haƙori, yadda ta saba in almakashi ya yi mata nisa. Nan take ya tsinke. Ya bar mata ɗanɗanon jini a baki, alhali ba ta ji ciwo ba.

Ɗan curi ya yi saura. Mai saƙa ba ta zubar da zare. Yatsunta da ke waje da siminti kullum sanyi ke cinsu, sai ta saƙa musu 'yar safa kamar hular jariri, ta sa Yaya ya zura mata, don ita ba ta iya lanƙwasawa ta kai.

"Kin ga? Ga riga ta zauna ɗas," ya ce yana shafa ƙirji. "Ashe sai an karya ki kike aikin kirki."

Daga wannan yammacin aka fara zuwa.

Lokacin da haske ke gushewa, kafin Yaya ya taso daga gareji, sai ta ji wata ƙara a bayan ƙofar gida. Kaf-kaf-kaf-kaf. Da fari ta ɗauka kwanon rufi ne iska ke kaɗawa. Sai ta gane. Haƙora ne. Haƙoran wanda sanyi ya kama suke haɗuwa.

Duna yakan je ya kwanta a kan dokin ƙofa, ya yi ta haushi, irin haushin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ƙyalle na taya shi daga baya. Ba sa dainawa sai duhu ya gama rufewa, ƙarar ta ja da baya, ta bi layi ta tafi.

Kowace rana ƙarar tana daɗa matsowa. Wata rana a bayan ƙofa. Wata rana a jikin ƙofar, har sakata na rawa. Wata rana ta ga hancin Duna a ƙasan ƙofa, raɓa ta daskare masa a gashin baki.

Ta roƙi mijinta. "Ka cire rigar nan, ka cire mini safar nan, a mayar musu da kayansu. Wani na zuwa kullum. Duna ne kaɗai ke tare shi."

"Wanda ke zuwa kullum mai gidan haya ne," ya ce. "Ya same ni har gareji, a gaban mutane, wai karnukana sun hana layi sakat. Ni za a tozarta saboda tsohon kare da gurguwar mace?"

"Maigida, ka tsaya ka saurara da kunnenka, yau kaɗai."

"Na ji isasshe."

Da sassafe ya ɗaure Ƙyalle da sarƙa a bayan gida, jikin famfo. Sannan ya zura wa Duna igiya. Tsohon kare ya turje, ya kafa ƙafafu, yana waiwayen uwar ɗakinsa. Yaya ya ɗauki sifana ya kwaɗa masa a ƙugu. Mai Saƙa ta taso ba sanda, ta faɗi, ta ja jiki ta riƙe ƙafar wandonsa.

"Ka dake ni ni. Ka bar shi. Don girman Allah ka bar shi."

Ya fizge ƙafarsa. Ta ji an buɗe bayan mota, an jefa abu mai nauyi, an rufe.

Da rana ya dawo cin abinci, shi kaɗai. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ci wake da shinkafa har da neman ƙari.

"Ina ka kai shi?"

"Wurin mai rigar," ya ce, bakinsa cike. "Na ɗaure shi a gindin bishiyar. Tunda sun saba, sai su gaisa da kyau." Ya suɗe yatsa. "Gishiri ya yi kaɗan."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Da ya fita ta gwada cire safar da kan sanda, ta ƙi fita. Ta gwada da kwarashi, ta gwada da dogon cokali. Safar ta kama yatsun kamar fata.

Yamma ta yi. Ruwa ya sauko, wuta ta ɗauke. Ta kunna murhu don dole, domin in ya dawo bai tarar da abinci ba ta san sauran. Ta zuba mai, ta zuba albasa. Ƙamshi ya cika kicin.

Sai ƙamshin ya gushe. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya maye gurbinsa.

Man da ke tafarfasa ya yi tsit. Wutar na ci, amma ta kai hannu kusa ba ta ji zafi ba.

Kaf-kaf-kaf-kaf.

A bakin ƙofar gida. Babu mai haushi a kan dokin ƙofa.

Ta ji sakata ta zame a hankali.

A bayan gida Ƙyalle ta haukace, sarƙa na dukan famfo.

Kaf-kaf-kaf. A tsakar gida. Kaf-kaf. A baranda.

Ta lalubi sandarta, sandar ta zame ta faɗi nesa.

Hannuwa ne suka fara shigowa. Dogaye, launin toka, suna jan ƙasa. Sannan sauran jikin ya sunkuyo ta ƙofa. Siriri, tsirara, fatar ƙirjinsa da ta hannuwansa duk ta saluɓe ta yi tabbai, kamar wanda aka riƙe a kan tururi. Ba ta kalli fuskar ba. Ta ce har yau tana gode wa Allah da ba ta kalla ba.

Ya ajiye wani abu a kan tiren albasa.

Jan abin wuya. Saƙarta. A jiƙe.

"Sanyi," ya ce. Muryar kamar iska ta ƙasan ƙofa. "Kin tuɓe ni. Kin dafa ni."

"Ban sani ba," ta ce, da ƙyar. "Wallahi ban sani ba. Ɗauki kayanka."

Ya tsuguna a gaban bokitin. Yatsa ɗaya ya taɓa safar, bakin zare ya fito ya same shi. Ya fara ja, yana naɗewa a hankali, yadda ita take naɗe curi.

Layi ɗaya ya warware. Ƙaramin yatsanta ya mutu.

Ba ciwo. Kawai babu shi.

Layi na biyu. Na kusa da shi ya tafi.

Safar ƙarama ce, ya kamata a ce ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Zaren ya ci gaba da fitowa, yanzu daga ƙarƙashin siminti yake fitowa, kuma launinsa ya fara ja.

Ta fizgo almakashi ta datsa. Ya ƙi ci.

Haƙori. Haƙori ne ke yanke shi. Ta sunkuya da dukkan ƙarfinta, simintin ya tokare ta. Ta sake sunkuyawa har ƙashin ya yi ƙara a ciki. Tazarar tafin hannu ce tsakanin bakinta da zaren. Ba ta kai ba.

Sanyin ya hau tafin ƙafa.

"Ƙyalle," ta ce. Muryar ba ta fi raɗa ba. "Ƙyalle, ɗauko."

Kalmar da take faɗa mata in kwarashi ya faɗi.

Sarƙa ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru. Abin wuyan saƙa ne, yana miƙewa. Karyar ta zare kanta ta bar fatar kunne a ciki. Ta shigo kamar an harbo ta, ta bi ta tsakanin dogayen hannuwan, ta cafke zaren.

Ya tsinke.

Ƙyalle ta faɗi gefe tana kakari. Mai Saƙa ta jawo ta ta rungume.

Abin ya ɗaga ɗan curin da ya naɗe, ya auna shi a tafin hannu. Haƙoransa na kaɗawa.

"Kaɗan ne," ya ce. "Ina saura?"



Sai ga ƙarar mota a waje. Aka kashe inji. Aka buga ƙofar mota. Takalma a cikin ruwa.

"Wane sakaran ne ya bar ƙofa a buɗe? Gurguwa! Na ji gidan shiru, kin ga amfanin maganata?"

Abin ya juya kansa wajen muryar.

Daga inda take zaune tana hango tsakar gida. Ga Yaya yana tahowa cikin rigar toka, yana karkaɗe ruwa daga kansa. Tsakaninsa da baranda akwai 'yar tafiya. Rigar ba ta kama shi yadda safar ta kama ta ba, kowane dare yana tuɓe ta ya rataye a ƙusa. Kalma biyu ta ishe shi. Cire rigar.

Ta buɗe baki.

Idonta ya sauka a kan tiren albasa, a kan jan abin wuyan.

Ɗaya daga cikin dogayen hannuwan ya miƙe ta ƙofar kicin, ya ratsa baranda, ya yi ta tafiya cikin ruwan sama. Ya kama gefen rigar daga ƙasa.

"Kai, wane ne..." in ji Yaya.

Bai ƙarasa ba. Ƙafafunsa ne suka fara mutuwa, ya zauna daɓas a cikin ruwa. Ya dubi cikinsa, yana ganin rigar na guduwa layi layi. Ya kai hannu zai riƙe, hannun ya faɗi. Sai ya ɗago ya dubi kicin. A karo na farko tun da ta karye, ya kira ta da sunanta na gaskiya.

Zaren ya kai ƙirji.

Ya kai wuya.

Ƙarar haƙoran ta tsaya.

Man da ke kan wuta ya ci gaba da tafarfasa, albasa ta ƙone. Ƙaurinta ne ya jawo maƙwabta.

Sun same shi zaune a tsakar gida da singileti, idonsa a buɗe, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Waɗanda suka ɗaga shi sun ce sanyin jikinsa sai da ya sa tafin hannunsu ya yi zafi. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ba mu yi musu ba.

Matar Yaya a wurina take yanzu. An cire simintin, ƙashi ya haɗe, amma yatsun ba su dawo ba. Ta rabar da ulunta duka, ko zaren ɗinki ba ta taɓawa. Ƙyalle haƙoranta na gaba sun zube, sai abinci mai laushi take ci, kuma ba ta ƙara yin haushi ba. Da magariba takan je ta kwanta a kan dokin ƙofa, inda Duna ke kwanciya a can gidan.

Wani direban janwe mai jan motocin da suka mutu, abokin aikin Yaya, ya zo mana gaisuwa daga baya. Ya ce ya bi ta hanyar gadar nan. Igiya na nan a gindin bishiya, ba kare. Rigar kuma tana rataye a reshe. Ya ce ta fi yadda Yaya ya kwatanta masa faɗi, yanzu tana da ƙirjin babban mutum, kuma ko daga cikin mota ya jiyo warin baƙin mai.

Sau ɗaya na tambaye ta. Muna tsince shinkafa, mu biyu, na ce, "Anti, da kika buɗe baki, muryar ce ta ƙi fita?"



"Auta," ta ce, "muryar da na kira Ƙyalle da ita ba ta fi raɗa ba, kuma an ji ta har bayan gida."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ni ma na ci gaba. Ban kore ta ba, ban kuma daina kewar yayana ba, kuma ban san yadda zan yi da waɗannan biyun a zuciya ɗaya ba.

Don haka nake roƙonku, ku da kuka karanta, ku taya ni da addu'a. Allah Ya gafarta wa Yaya abin da ya yi wa matarsa da abin da ya yi wa dabbar da ba ta da baki. Allah Ya gafarta wa matarsa shirun da ta yi. Duk inda yake, Allah Ya sa ba sanyi yake ji ba. Ku ce amin.